Taurarin Bayan Gari: Abin da Gishirin Miya Ya Tona Game da Omega Centauri

 Yau mu ɗan ajiye siyasa da ƙwallo, mu ɗaga kai sama.

A watan Yulin 2024 wani labari ya zaga intanet: masana a Jamus sun ce sun ga alamar ƙaton baƙin rami a tsakiyar wani dunƙulen taurari mai suna Omega Centauri. Sun bi diddigin hotuna sama da 500 da na'urar Hubble ta ɗauka cikin shekara 20, suka tarar da taurari 7 suna sheƙa gudun da ya kamata a ce tuni sun fice daga dunƙulen, amma wani abu da ido ba ya gani yana riƙe da su. Suka lissafa nauyin abin, suka ce aƙalla ya ninka na rana sau 8,200. Aka yi ta yaɗawa, kowa na cewa kai!

To haka duniya take, ko a sama tsakiyar gari ce ke jan ido. Amma akwai wasu masana da suka shafe shekaru suna leƙen bayan gari, wato gefen dunƙulen, inda taurari suka yi ɗaiɗai, ba haske sosai, ba hoto mai kyau da za a sa a sitatus. Abin da suke tambaya shi ne: da me aka yi waɗannan taurarin na gefe? Amsar tana da alaƙa da yadda aka yi galaksinmu ya kai girman da yake a yau, kuma za ka yi mamaki idan na ce maka mabuɗin yana cikin kicin ɗin gidanku.

Tauraron da ba tauraro ba

Kusan kowa ya san Kaza da 'Ya'yanta, ɗan gungun taurarin nan da kakanni ke nuna wa yara. Wannan gungu ne na taurari wajen 1,000, shekarunsa kimanin miliyan 100, kuma haskensa na yin shekara kusan 440 kafin ya iso idonka. A lissafin sama, jarirai ne.

Omega Centauri wani abu ne daban. Taurari ne kimanin miliyan 10 da suka cure wuri guda kamar dunƙulen fura, ƙarfin ja na junansu yana riƙe da su. Masana sun ƙiyasta shekarunsu da wajen biliyan 12, alhali ranarmu shekarunta biliyan 4.6 ne. Nisansa kuwa, haske da ke gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya sai ya yi shekara wajen 17,000 yana tafiya kafin ya iso nan. Faɗinsa kaɗai tafiyar haske ce ta shekara 150. Galaksinmu, wannan farar hanyar da ke ratsa sama da dare wadda Turawa ke ce wa Milky Way, yana da irin waɗannan dunƙulallun sama da 150 da aka sani, kuma Omega Centauri ne babban yayansu.

Da ido kawai sai ka ɗauka tauraro ɗaya ne da ya ɗan yi dishi-dishi. Haka Batlamus, masanin nan na Iskandariyya ta Masar, ya rubuta shi wajen shekara ta 150 miladiyya. A 1603 Bajamushe Johann Bayer ya laƙaba masa harafin Girkanci Omega, kamar yadda ake yi wa taurari. Sai a 1677 Edmond Halley, yana tsibirin Santa Helena, ya duba da madubin hangen nesa ya ga ai wannan ba tauraro ba ne. A 1826 James Dunlop daga Ostireliya ya bayyana shi a matsayin curin taurari. Sunan kuskuren ne dai ya bi shi har yau.

Gishiri a kan wuta

Na san abin da ke ranka. Abin da yake nisan tafiyar haske ta shekara 17,000, wa ya je can ya ɗebo samfur? Ba kai kaɗai ba ne. A 1835 wani babban masanin falsafa na Faransa, Auguste Comte, ya rubuta cewa ɗan Adam ba zai taɓa sanin sinadaran da ke cikin taurari ba. Ba a yi shekara 30 ba aka ƙaryata shi.

Ka taɓa lura idan miya ta tafaso ta zubo kan wutar gas, shuɗiyar wutar nan sai ta koma ruwan ɗorawa? Gishirin da ke cikin miyar ne. A cikin gishiri akwai sinadarin sodiyom, wanda yake cikin kanwa ma, kuma duk inda sodiyom ya ji zafi launi ɗaya tak yake fitarwa, ba ya canzawa. Kowane sinadari yana da nasa launukan da ba ya tarayya da kowa a kansu.

Yanzu ɗauki tsohon faifan CD ka juya bayansa a rana. Za ka ga farin haske ya rabu launi-launi kamar bakan gizo. A 1814 wani mai haɗa gilasai a Jamus, Joseph Fraunhofer, ya tsaga hasken rana da kyau, sai ya ga baƙaƙen layuka sirara sama da 500 sun ratsa bakan. Wajen 1859 Gustav Kirchhoff da Robert Bunsen suka gano ma'anarsu: sinadaran da ke saman rana ne ke shanye nasu launin kafin hasken ya fito. Biyu daga cikin layukan suna daidai wurin ruwan ɗorawar nan ta gishiri. Wato akwai sodiyom a rana.

Ka ɗauke shi kamar baƙaƙen layukan nan da ke jikin kwalin kaya a babban kanti, waɗanda ake haskawa kuɗin kayan ya fito. Kowane tauraro da nasa. Inda layi yake shi ke faɗa maka wane sinadari ne, kaurinsa da duhunsa kuma su faɗa maka yawansa. Idan layukan gaba ɗaya suka ɗan gusa gefe, wannan na nuna gudun da tauraron ke yi, ko yana matsowa ko yana nisa. Ta wannan hanya aka gano sinadarin hiliyom a rana a 1868, shekara 27 kafin a same shi a doron ƙasa. Kuma da ita Cecilia Payne, tana 'yar shekara 25, ta nuna a 1925 cewa kusan duk jikin taurari haidirojin ne da hiliyom.

Ragowar ɗan abin da ba haidirojin ko hiliyom ba, shi ne ya fi ba da labari. A fahimtar masana, a farkon samuwar sararin samaniya, shekara biliyan 13.8 da suka wuce, waɗannan biyun ne kusan kaɗai. Kabon, naitirojin, oksijin, sodiyom da ƙarfe duk a cikin taurari aka dafa su daga baya. Tauraro ya mutu ya watsar da abin da ya dafa, sabbin taurari su samu daga wannan iskar. Saboda haka tauraro yana ɗauke da shaidar iskar da aka haife shi a cikinta, kamar yadda a da tsagar fuska ke nuna garin da mutum ya fito ko da ya yi shekara 40 a wata ƙasa.

Ana zaton uwa ɗaya uba ɗaya ne

Shekaru da dama littattafan makaranta suna koyar da cewa taurarin dunƙule ɗaya 'yan gida ɗaya ne: gajimaren iska ɗaya, lokaci ɗaya, sinadarai iri ɗaya. Tsintsiya maɗaurinki ɗaya.

Sai abubuwa suka fara ɓullowa. A 1971 Wayne Osborn ya ga wasu taurari a dunƙulallun M5 da M10 da naitirojin ɗinsu ya yi yawa fiye da na 'yan'uwansu. A 1978 Judith Cohen ta ga sodiyom ya bambanta tsakanin taurarin M3 da M13. Da aka ci gaba da aunawa sai wani tsari ya fito fili: duk tauraron da sodiyom ɗinsa ya yi sama, oksijin ɗinsa ya yi ƙasa. Kamar sikeli, wannan ya hau, wancan ya sauka.

Da farko an ce wataƙila tauraron ne da kansa ke dafa abin a cikinsa yana turo shi sama idan ya tsufa. A 2001 Raffaele Gratton da abokan aikinsa suka gwada wannan da katafaren madubin VLT mai faɗin mita 8.2 da ke hamadar Atakama a ƙasar Chile. Suka auna ƙananan taurari a dunƙulen NGC 6752, waɗanda ba su kai ga tsufa ba, suka tarar da wannan sikelin a jikinsu. Nan gardama ta canza. Kafin a ƙone oksijin a samar da sodiyom ana buƙatar zafin da ya kai digiri miliyan 40 ko fiye, kafin magniziyom ya koma alminiyom kuma sai wajen miliyan 70. Tsakiyar ranarmu ma digiri miliyan 15 ne, kuma waɗannan ƙananan taurarin ba su fi ta wani zafi ba. Ba su suka dafa ba ke nan. Gado suka ci.

Daga nan aka fara maganar zuriya biyu. Zuriya ta farko sinadaranta irin na sauran tsofaffin taurarin galaksi ne, ba wata alama ta daban. Zuriya ta biyu an haife ta ne daga iskar da wasu manyan taurarin farko suka riga suka dafa, shi ya sa take da sodiyom da naitirojin da hiliyom da yawa, oksijin kaɗan. A 2009 Eugenio Carretta da tawagarsa suka auna taurari wajen 2,000 a dunƙulallu 19, suka ga abin a kowane ɗaya. Wani abin mamakin kuma, 'yan zuriyar farko kashi ɗaya cikin uku ne kawai. Masu tsagar sun fi yawa.

Omega Centauri kuwa ya wuce nan. A yawancin dunƙulallu, ko da sodiyom ya bambanta, ƙarfen da ke jikin taurarin ɗaya ne. A Omega Centauri har ƙarfen ya bambanta: mafi yawan taurarinsa ƙarfensu bai wuce kashi 1 cikin 50 na abin da rana ke da shi ba, wasu kuma sun kai wajen kashi 1 cikin 5. Ƙarfe daga fashewar taurari yake fitowa, kuma iskar fashewar na fita da mugun gudu. Ƙaramin dunƙule ba zai iya riƙe ta ba. Kafin a riƙe ta har a sake haifar taurari da ita, sai wuri mai nauyin gaske. Ga shi kuma Omega Centauri yana zagaya galaksi ne ta bayan hannu, saɓanin yadda rana da maƙwabtanta ke tafiya. Wannan ya sa masana da yawa ke ganin ƙwallon cikin wani ƙaramin galaksi ne da namu ya haɗiye tuntuni, ya cinye tsokar ya bar ƙwallon. A 2017 wata tawaga ƙarƙashin Andrea Bellini ta ƙirga aƙalla rukuni 15 na taurari a cikinsa da hotunan Hubble.

Me ya sa sai gefe?

Dalili na farko: a tsakiya cunkoso ne. A can, tazarar da ke tsakanin tauraro da maƙwabcinsa ba ta wuce kashi 1 cikin 10 na tafiyar haske ta shekara ba, alhali mu nan tauraron da ya fi kusa da rana yana nisan shekara 4.2. A irin wannan cinkoson taurari na yawan gilma wa juna, kowa na karkatar da hanyar wani, har a hankali a cakuɗe, kamar kasuwar Kwari ana gobe Sallah. A gefe kuwa ba mai taɓa wani. Tauraro na iya yin biliyoyin shekaru a kan hanyar da ya fara da ita. Idan kana son sanin yadda aka jera gidan tun farko, can za ka duba.

Kuma an duba. A 2010 Christian Johnson da Catherine Pilachowski suka fitar da awon manyan jajayen taurari 855 na Omega Centauri, da madubin Blanco mai mita 4 a Chile. Suka ga taurarin da oksijin ɗinsu ya yi ƙasa sosai sun taru ne a ciki-ciki, kana fita waje suna raguwa. Hotunan Hubble da na madubai na ƙasa sun nuna haka game da masu yawan hiliyom: sun fi yawa a tsakiya. An ga irin wannan a wasu dunƙulallun, misali 47 Tucanae. Wannan ya dace da tunanin cewa dafaffiyar iskar gangarawa ta yi tsakiya ta taru, aka haifi zuriya ta biyu a can, 'yan farin kuma suka fi yawa a bayan gari.

Omega Centauri dai bai cika barin mutum ya huta ba. A 2020 Annalisa Calamida da abokan aikinta, da suka ɗauki hoton dunƙulen har can ƙarshensa, sun ba da rahoton cewa rukunin da ake dangantawa da yawan hiliyom yana raguwa idan ka bar tsakiya, amma can nesa sosai sai ya sake yawaita. Ƙirga a irin wannan nisan aiki ne mai wuya, kuma shi ya sa ake komawa ana auna taurarin gefen ɗaya bayan ɗaya.

Dalili na biyu: gefe shi ne ƙofar fita. Akwai wata iyaka inda ƙarfin jan dunƙulen ke yin rauni, jan galaksi ya rinjaye shi. Tauraron da ya tsallake nan ya tafi ke nan. Wanda ke zaune a bakin ƙofa shi ake fara ɗaukewa. To idan 'yan zuriyar farko ne suka fi yawa a gefe, su ne suka fi ɓacewa. Riƙe wannan, yanzu za ka ga amfaninsa.

Lissafin da ya ƙi fita

Wa ya dafa iskar da aka yi zuriya ta biyu da ita? Akwai waɗanda ake tuhuma. Wasu masana sun ce tsofaffin taurari ne masu nauyin rana 4 zuwa 8, waɗanda ke fesar da rigarsu a hankali kafin su mutu. Wasu sun ce manyan taurari ne masu juyawa da sauri, ko manya biyu masu zagaya juna. Wasu kuma sun ce wani dodon tauraro ne mai nauyin rana dubbai, da ya samu daga karon taurari a tsakiyar dunƙulen yana jariri.

Matsalar ita ce, yawancin waɗanda ake tuhumar ba su da yawa, kuma abin da suke fesarwa ɗan kaɗan ne idan aka kwatanta da nauyin zuriyar farko baki ɗaya. Ta yaya ɗan wannan zai haifi kashi biyu cikin uku na taurarin da muke gani yau? Kamar a ce maka da mudu ɗaya na gari aka yi tuwon da ya ciyar da unguwa. Mafitar da wasu suka kawo ita ce, dunƙulallun sun ninka girmansu na yanzu sau 10 ko fiye lokacin haihuwa, sannan suka zubar da kusan duk 'yan zuriyar farko ta gefe. Idan haka ne, babban kaso na tsofaffin taurarin da ke yawo a kewayen galaksinmu 'yan gudun hijira ne daga dunƙulallu.

Yaya za a gwada? Ɗan zuriyar farko idan ya fita ya shiga jama'a, ya saje, ba shi da alama. Ɗan zuriya ta biyu kuwa tsagarsa na nan. A 2010 Sarah Martell da Eva Grebel suka bincika tsofaffin taurarin da ke yawo su kaɗai a kewayen galaksi, suka tarar kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na ɗauke da alamar yawan naitirojin irin ta dunƙule. Daga yawan masu tsaga ake ƙoƙarin lissafa yawan marasa tsagar da suka fita tare da su, kuma lissafin ya dogara kacokan kan sanin su wa ke zaune a gefe. A 2018 Nate Bastian da Carmela Lardo suka tattara duk bayanan da ake da su, suka yanke cewa babu ko ɗaya daga cikin ra'ayoyin nan da ya warware dukkan abin da aka gani. Har yanzu fili a buɗe yake. A 2023 ma na'urar James Webb ta ga naitirojin mai yawan gaske a wani galaksi mai suna GN-z11, wanda muke ganinsa yadda yake shekara miliyan 400 kacal bayan farkon komai, abin da ya ƙara wa masu ra'ayin dodon tauraro ƙwarin gwiwa.

Neman waɗanda suka fice

Aiki a gefe yana da nasa ciwon kan. Omega Centauri na kusa da farar hanyar nan, saboda haka dubban taurarin galaksinmu suna gilmawa ta gabansa da bayansa. A hoto duk ɗigon haske ne. Wane ne ɗan gida, wane ne mai wucewa?

Abu ɗaya ya taimaka: dunƙulen na nisantarmu da gudun kilomita wajen 232 a daƙiƙa, gudun da taurarin unguwarmu ba kasafai suke yi ba. Gary Da Costa da Matthew Coleman suka yi amfani da wannan a Ostireliya. Suka auna taurari sama da 4,000 a gefen dunƙulen da bayan iyakarsa, suka fitar da sakamako a 2008. A bayan iyakar, 6 kacal suka samu masu irin wannan gudun, kuma ko su ɗin ma za su iya zama masu wucewa ne da gudunsu ya zo daidai. Ka yi tunani, dare nawa aka kwana, a tashi da shida. Amma ko wannan sakamako ne: ya nuna babu wani taron taurari da ya yi cincirindo a bakin ƙofa.

Sai Gaia ta zo. Hukumar sararin samaniya ta Turai ta harba wannan na'ura a Disambar 2013, aikinta auna inda taurari suke da inda suka nufa. A Afrilun 2018 ta saki bayanan motsin taurari sama da biliyan 1.3. Cikin wannan tulin, Rodrigo Ibata na Strasbourg a Faransa da tawagarsa suka gano wani siririn rafi na taurari 309 masu tafiya tare, suka sa masa suna Fimbulthul, sunan wani kogi a tatsuniyoyin mutanen arewacin Turai. A 2019 suka nuna cewa hanyar rafin ta yi daidai da jelar da Omega Centauri zai bari idan galaksi na yagar sa. Ibata ba baƙo ba ne a wannan harka. Yana cikin mutum uku da suka gano ƙaramin galaksin Sagittarius a 1994, wanda namu ke kan haɗiyewa yanzu haka, da dunƙulen M54 zaune a tsakiyarsa. Wato ga misali a raye na abin da ake zaton ya faru da Omega Centauri.

Sai dai tafiya hanya ɗaya ba ta mai da mutane dangi, ko a motar haya kowa da garinsu. Ana buƙatar shaidar jini. A Ostireliya akwai shirin GALAH, wanda ke amfani da madubi mai mita 3.9 yana tsaga hasken taurari kusan 400 a lokaci guda. A 2020 Jeffrey Simpson da abokan aikinsa suka tsamo taurari biyu daga bayanan shirin waɗanda ke tafiya da rafin Fimbulthul, kuma sinadaransu suka dace da na 'yan Omega Centauri. Biyu kawai, amma biyu masu shaida.

Kama da wane ba ta wane

Ga kuma labarin da ya kamata duk mai yawan tura saƙo a guruf ya ji. Akwai wani ɗan jan tauraro kusa da mu, nisan shekara 13 na haske, ana kiransa tauraron Kapteyn, da sunan masanin ƙasar Holan da ya lura da saurinsa. Shi ma ta bayan hannu yake zagaya galaksi, kuma akwai wasu taurari masu irin tafiyarsa. A 2010 wasu masana suka kawo shawarar cewa wannan ayarin ɓaraguzan Omega Centauri ne. A 2014, da aka sanar cewa an ga alamar duniyoyi biyu na zagaya shi, sai labarin ya yi fuka-fuki: ga maƙwabcinmu, ashe baƙo ne daga wani galaksi da aka cinye. Labari mai daɗi.

A 2015 Camila Navarrete da abokan aikinta a Chile suka zauna suka auna sinadaran taurarin ayarin da kyau. Ba su ga sikelin sodiyom da oksijin ba, ba su ga sauran alamomin gidan Omega Centauri ba. Suka kammala cewa ayarin Kapteyn ba daga can ya fito ba. Har yau idan ka bincika intanet za ka ci karo da labarin farko a shafuka da yawa, gyaran kuwa sai ka tona. Ka san wannan halin, kullum muna ganinsa a Facebook da WhatsApp. Abin yabawa a nan shi ne masanan ba su tsaya kan daɗin labarin ba, sun koma sun auna.

Fita ka gani da idonka

Wani abin alfahari: mutumin Landan, Faris ko Balin ba zai taɓa ganin Omega Centauri daga gidansa ba, don ba ya leƙowa sama da ƙasa a can. Kai da ke Kano, Sakkwato, Maiduguri, Damagaram ko Yamai kana ganinsa, mutumin Kumasi da Akara ma ya fi ka samunsa a sama.

Lokacinsa daga Afrilu zuwa Yuni ne. A tsakiyar Mayu yana kaiwa ƙololuwarsa wajen ƙarfe 10 zuwa 10:30 na dare, a tsakiyar Afrilu kuma sai wajen sha biyun dare. Zaɓi daren da babu farin wata, musamman bayan an yi ruwa ƙura ta kwanta. Idan an ɗauke wuta, wannan karon kada ka yi tsaki. Ka fuskanci gabas, kudu na hannunka na dama, sai ka juya can. Miƙe hannunka ka dunƙule shi, ka jera dunƙule uku daga inda sama ta haɗu da ƙasa. Nan wajen yake. Manhajar Stellarium za ta nuna maka daidai wurin idan ka rubuta sunansa, amma bayan ka duba ka kife wayar ka ba idonka minti 20 ya saba da duhu. Za ka ga ɗan tabo mai hazo-hazo. Idan akwai mai madubin hangen nesa na hannu a unguwarku, aro shi, za ka ga ƙwallon haske da faɗinsa ya kai na cikakken wata. 'Yan ƙauye kun fi 'yan birni sa'a a nan.

Taurarin gefen da muka yi ta magana a kansu ba za ka gan su ba, sun yi dusashe da yawa. Suna nan dai a cikin duhun da ke kewaye da tabon. Gaia ta daina aiki a farkon 2025, amma bayanan da ta tara suna intanet kyauta, kowa na iya saukewa, kuma da irinsu aka gano Fimbulthul, da kwamfuta da lissafi. Ɗalibar fiziks a Zariya ko ɗalibin lissafi a Maraɗi da ya iya Python yana da damar buɗe wannan rumbun kamar kowa.

Wanda ya fita ya gani, ya rubuto mana garin da yake da ƙarfe nawa ya gan shi. Wanda ya nema bai samu ba shi ma ya faɗa mana, mu duba inda aka yi kuskure tare. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in sha Allah.